Gidan da Mama Ke Kaɗawa

Direban katafilar ya riga ya tayar da injin lokacin da Mama ta ɗora kwalba a kan wayar ƙarfen da ke ɗaure a bangon gida. Sauti ɗaya ta ja, dogo, kamar kukan mace daga nesa, sai na ji katakon baranda yana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Mutumin ya kashe injin, ya sauko.

"Iya, wannan ƙarar daga ina take fitowa?"

"Daga gidan da ka zo rushewa," in ji Mama, ko juyowa ba ta yi ba. "Ara min minti goma, ɗana."

* * *

Sunan mahaifiyata Ozella. Tana shekara tara ta kwance wayar da ke ɗaure da tsintsiyar gidansu, ta kafa ƙusa biyu a bangon katako, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta ɗaura wayar, ta cusa kwalbar garin taba a ƙarƙashinta har ta ɗame. Yara da yawa a ƙauyukanmu na Mississippi sun yi haka, su yi wata biyu su watsar. Ita ba ta watsar ba. Kakanmu, dattijon coci, ya zane ta saboda tsintsiyar, ya ƙara mata saboda kiɗan, wai na shaiɗan ne. Sau uku yana tsinke wayar. A na huɗu ya gaji da sayen tsintsiya.

Ba wanda ya koya mata. Da kwaikwayon kukan jirgin ƙasa ta fara, sai na kaji, sai muryar fasto idan wa'azi ya ɗau zafi. Shekara talatin da ɗaya tana feɗe tarwaɗa a masana'anta, har yatsunta suka karkace, sai ta koma bugu da gefen babban yatsa, kiɗan ya ƙara nauyi. Da babanmu ya rasu ta kafa waya ta biyu kusa da taga, ta ce muryarsa ce. Kowace Lahadi da yamma sai sun yi gardama, kuma ban taɓa jin ya ci ba.

Wani malamin jami'a ya taɓa zuwa, ya ce zai kai ta birni ta yi wasa.

"To, sai ka zo da motar da za ta ɗauki gidan," ta ce masa.

Ya yi dariya, amma ba wasa take yi ba. Wayar na taɓa bangon ne kawai, gidan ke magana. Ta san katakon da ke dushewa idan an yi ruwa, ta san ƙofar da za a buɗe amon ya yi zurfi. Mun girma muna buɗe mata ƙofofi muna rufewa.

* * *

Kakan kakanmu ne ya sayi ƙasar da gidan ke kai, kuma tun daga kansa babu wanda ya rubuta wasiyya. Tsofaffinmu ba su yarda da lauya ba, sun ce ƙasar da ba sunan kowa a kanta ba mai iya sayar da ita. Ashe ƙofa suka bari a buɗe. Cleon, ɗan ƙanwar Mama da ke Chicago, ya sayar wa wani kamfani kasonsa. Kamfanin ya zama magaji kamar mu, ya nemi kotu ta raba gado. Kotu ta ce ƙasar ba ta rabuwa, a yi gwanjonta duka. Kamfanin ya saye.

Na buga wa Cleon waya.

"Yaya Verlene, Allah ya sani, ɗan fili mai ciyawa suka ce min."

"A kan ciyawar aka haifi uwarka, sakarai."

Ya yi kuka, na kashe. Har yau ban huce ba.

* * *

Ranar rusau mun riga mun kwashe kaya, gidan ya zama wayam, kuma ban taɓa jin ya yi amo irin na ranar ba.

"Verlene, buɗe min ƙofar kicin."

Na buɗe. Ta kaɗa jirgin ƙasa, ta kaɗa kaji, ta bar babanmu ya yi magana shi kaɗai har ya gama. Daga nan ta shiga wani kiɗan da ban sani ba, ni da na shekara hamsin ina sauraronta. Gilashin tagogi ya ɗauka, kwanon rufi ya ɗauka, na ji shi a haƙorana. Tsoro ya kama ni, irin wanda ke kama mutum a coci. Wannan tsohuwar ita ke min kitso, ita ke warin tarwaɗa, amma ranar na ji ban isa na tsaya kusa da ita ba.

Da ta gama, direban na riƙe da hularsa a ƙirji.

"Iya, ni ma aiko ni aka yi."

"Na sani. Zo ka cire min ƙusoshin nan, hannuna ba ƙarfi."

Ya cire su a hankali, ya zuba mata a tafin hannu.

* * *

A gidan tsofaffi da ke cikin gari, inda muka kai Mama, bangon na bulo ne, da farin fenti.

"Ba a kafa ƙusa a nan, Iya Ozella," in ji ma'aikaciyar. "Doka ce."

Sai na samo falanki, na kafa ƙusoshin, na ɗaura wayar, na kai mata. Ta buga sau ɗaya. Kamar sauro. Ta miƙo min abina.

Da na zo tafiya na waiwaya. Tana tsaye, kunnenta manne da bango, tana ƙwanƙwasa shi da karkataccen yatsanta. Ta saurara, ta matsa gaba kaɗan, ta sake ƙwanƙwasawa.