Kare a Banɗakin Hajiya Asama'u

Badaru bai jira a ce ya shigo ba. Hajiya Asama'u na zare sakata ya turo ƙofar da kafaɗa, rungume da wani abu a cikin buhun dabino, gumi na zuba ta haɓarsa. Sai da ta ga harshe ya zazzalo ta gefen buhun, jajawur, yana ɗigar da yawu a kan dardumarta, sannan ta gane abin da aka kawo mata. Ta ja da baya har ta bugi bango.

"Fitar min da shi."

"Hajiya, mutuwa zai yi. Rauda ta ce in kawo shi nan."

Badaru mutumin Maraɗi ne, shi ke kula da wata gonar dabino a Jurf, can gefen Madina, inda Raudatu, 'yar Hajiya, ta kama ɗaki da ɗan fili saboda karen nan. Yana haki ya yi mata bayani. Mukayyif ɗin da ke sanyaya ɗakin ya tsaya tun da hantsi, shi kuwa yana ƙarshen gona yana ban ruwa, bai sani ba. Ya dawo ya tarar da karen a kwance, ko kai ba ya ɗagawa. Ya ɗauko shi a motar gona zuwa asibitin dabbobin da ke nan Harra ta Gabas, ya tarar a rufe, yau Juma'a, sai bayan la'asar. Raudatu kuma tana Jidda, ta je ganin filin da za a yi gasa mako mai zuwa.

Gasar nan ita ce ta raba Hajiya da 'yarta. Yarinya haifaffiyar Madina, mai aikinta a kantin magani, ta rasa abin da za ta sa a ranta sai koya wa kare tsallake sanduna da kutsawa ta cikin bututun yadi da hawa katako mai lilo. Da farko Hajiya ta kau da kai, tunda abin a gona yake. Sai ranar wata walima Fatna, maƙwabciyarta 'yar Chadi, ta miƙo mata waya a tsakiyar mata. Ga Raudatu nan da abaya da takalmin kambas, tana sheƙa gudu gefen kare tana nuna masa hanya da hannu, maza na tafi. Wayar ta zaga ɗakin hannu zuwa hannu. A daren Hajiya ta ce wa 'yarta ta zaɓa, ko gidan nan ko kare. Ta ɗauka barazana ce irin ta uwa, wadda ake kwana a kanta a tashi an manta. Raudatu ta haɗa jaka ta koma ɗakin wata abokiyar aikinta. Tun kafin azumi ke nan, ga shi har alhazai sun watse, ba ta sake tako ƙofar ba.

Wayar Badaru ta yi ƙara a aljihu. Ya sauke karen a ƙasa ya miƙa wa Hajiya. Fuskar Raudatu ce ta cika gilashin, idanu jajir, a bayanta hayaniyar tashar jirgin ƙasa. Babu sallama babu gaisuwa, ta shiga zubo Larabci da sauri kamar yadda ta saba: a kai shi banɗaki, a buɗe masa shawa, a kawo fanka. Da ta ga uwar ta yi shiru tana kallonta, sai ta tsaya, ta koma Hausarta mai tuntuɓe.

"Ummi, don Allah. Ba ni da kowa a kusa."

Hajiya ta so ta tambaye ta, ashe ta san hanyar gidan. Maganar ta zo har bakinta. Amma karen na ƙasa yana wani irin numfashi mai ƙara, haƙarƙarinsa na sama da ƙasa, ta kuma san idan ya mutu a bakin ƙofarta tana tsaye tana kallo, ta rasa 'yar nan ke nan har abada. Ta nuna wa Badaru banɗaki da haɓa.

Ya shimfiɗe shi a kan tayil, ya kai hannu ga shawa, Hajiya ta buge hannun.

"Dafa shi za ka yi?" Ta juya ga wayar. "Ke kuma a gidan nan aka haife ki. Yaushe ruwan tankin sama ya taɓa taɓuwa da azahar?"

Raudatu ta dafe baki. Tankin na kan rufi cikin rana tun safe, ruwansa a watannin nan yana iya saɓule fatar mutum. Shi ya sa kullum da asuba Hajiya ke tara ruwan wankanta a baho ta rufe da faranti. Ta jawo bahon da ƙafa. Badaru ya ɗebi moɗa biyu ya zuba, sai ga ƙahon motoci daga waje, ya tare layin masu zuwa masallaci da motar gona. Ya ce zai gusar da ita, ya kuma zaga ko zai sami wani shago a buɗe ya sayo ruwa. Hajiya ta san babu shagon da zai buɗe sai an idar da salla, amma kafin ta faɗa ya fice.

Aka bar ta ita kaɗai da kare.

Tun tana yarinya a Gaya karen maharba ya kama ta a ƙwauri, tabon na nan har yau. Ko a titi ta hango kare sai ta tsallaka ɗaya gefen. Ta jingina wayar a kan injin wanki, ta ɗaure zani, ta tsaya daga bakin ƙofa tana watsa ruwan daga nesa, rabi a kansa rabi a bango. Raudatu ta ce ba haka ba, a ciki ake zubawa, da hammata, da tafin ƙafa, sai an ɗaga ƙafar. Kada a lulluɓe shi da tawul, kada a ɗura masa ruwa a baki. Hajiya ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara. Ta kama ƙafar da 'yan yatsu biyu. Zafin da ta ji ya ba ta tsoro fiye da haƙoran, fatar cikinsa kamar murfin tukunya. Ta zuba, ta zuba, ta jawo fanka daga falo ta saita masa.

Ana haka jirgin da ta shiga zuwa Madina ya tashi, fuskar Raudatu ta daskare a gilashi da baki buɗe, sannan ta ɓace.

Ruwan bahon ya ƙare. Ta kwaso gorunan firij, suka tafi su ma kamar ba a zuba ba. Karen bai canza ba, sai ma ƙafafunsa na baya da suka fara karkarwa. Ta buɗe famfo ta tara yatsa, ta janye da sauri. Daga lasifikar masallacin unguwa liman ya fara huɗuba. Ta tsaya a tsakiyar falo da gora babu komai a hannu, tana lissafin inda ruwa mai sanyi yake a duk benen. Wuri ɗaya ne. Fatna na da babban duro a ƙarƙashin matakala, kowa ya sani, don tana yawan faɗa.

Da a ce wuta ce ta kama gidan, da zuwan ya fi mata sauƙi. Ta yafa mayafi a kan jiƙaƙƙiyar riga ta ƙwanƙwasa. Fatna ta buɗe da carbi a hannu, ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaya ko lafiya. Hajiya ta ce ruwa take so, bokiti nawa ne ma, duk wanda ya samu. Fatna ta sake tambaya, wa ya faɗi? Akwai ƙarya kusa, ta iya cewa baƙuwa ce ta suma. Amma numfashin na fitowa har barandar.

"Karen Rauda ne. Yana banɗakina."

Fatna ta buɗe baki ta rufe. Ta rataya carbin a wuya ta ɗauko bokiti. Ita ke cikowa ta kawo har bakin ƙofar Hajiya ta ajiye, ba ta taka dardumar ba, tana leƙe kawai. Hajiya ta san kafin magariba labarin zai kai har unguwar Aƙiƙ, da ƙari. Ta ɗauki bokitin ta shige.

Wayar ta dawo da rai. Raudatu ta tambaya da Larabci yadda dasashinsa yake, ja ne ko ya fara yin fari. Hajiya ta ce ita ina ta sani. Raudatu ta ce sai an ɗaga leɓen an duba, a danna da yatsa a saki, a ga ko jinin na dawowa.

"In sa hannuna a bakinsa?"

"Ba zai cije ki ba, Ummi. Bai taɓa cizon kowa ba."

Haka mai karen Gaya ma ya ce. Hajiya ta kalli bakin, yawu mai kauri na tsiyaya a kan tayil, ga fiƙoƙi farare a waje. Ta yi bisimilla, ba ta ma san ko ya dace a yi a nan ba, ta sa babban yatsa ta ɗaga leɓen. Ja ne wur, har ya yi duhu. Ta danna ta saki ta faɗi abin da ta gani. Kafin Raudatu ta amsa, karen ya miƙe ƙafafu, ya yi kakari, ya amayar da wani ruwa rawaya a kan zaninta. Sai idanunsa suka juye, numfashin ya tsaya.

Hajiya ta ji kukan 'yarta daga kan injin wanki, tana cewa a kira sunansa, a yi ta kira, kada a bar shi ya tafi. Hajiya ba ta taɓa furta sunan ba. A bakinta kullum "abin nan" ne.

"Saham," ta ce. Ta tallabo kansa ta ɗora a cinya, ta kwara masa ruwa a wuya da ƙirji. "Saham. Kai, tashi. Ba a gidana ba, ka ji ko? Ka hana ni 'yata, yanzu kuma ka zo ka mutu min a banɗaki?"

Tana faɗa tana zubawa, tana murza ƙirjinsa da tafin hannu, ta manta cewa wayar na ji. A masallaci aka ta da iƙama. Fatna ta ajiye wani bokitin ta ce da ƙarfi daga waje, ya Hajja, yaya yake? Hajiya ta jawo bokitin ciki. Can haƙarƙarin ya motsa, ya ja iska da ƙara, ya sake ja. Ta ci gaba da zubawa har hannunta ya mutu. A hankali hakin ya ragu, harshen ya koma ciki rabi. Ta ɗebi ruwa a tafin hannu ta kai kusa da hancinsa don ta jiƙa masa, sai ta ji harshe a fatarta, sau ɗaya, sannan ya shiga lasa. Tsigar jikinta ta tashi, amma ba ta janye ba.

Badaru ya dawo da katan ɗin ruwa bayan an sauko daga masallaci, ya zauna a matakala yana ta ba da haƙurin da ba wanda ya nema. Hajiya ta sauya kaya ta yi alwala da ruwan da ya kawo ta yi azahar a makare, kunnenta na banɗaki. Tana sallamewa ta koma ta zauna a kan bokitin da ta kife, tana kallon cikin karen na hawa da sauka.

Bayan la'asar ta ji gudu a matakala. Ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta tsaya a falo inda za a fara ganinta. Raudatu ta shigo, ta rame, ta yi duhu, ta wuce ta gefenta har abayarta na shafar hannun uwar, ta faɗa banɗaki ta durƙusa cikin ruwan. Karen ya buga jela a tayil. Hajiya na tsaye tana jin kalaman da ake yi masa, masu taushi, irin waɗanda ita ta daɗe ba ta ji ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta ji kunyar kanta, tsofai-tsofai da ita tana kishi da kare.

Sai da Badaru ya ɗauke shi zuwa mota sannan Raudatu ta juyo. Ta kama hannun uwar, na daman, wanda aka lasa, ta sumbace shi ta ɗora a goshinta. Ta buɗe baki, Larabcin bai zo ba, Hausar ma ba ta zo ba. Ta ce asibitin ya buɗe, dole su hanzarta.

A bakin ƙofa Hajiya ta tambaye ta, idan likita ya sallame su ina za su kai shi. Raudatu ta tsaya. Ɗakin gona babu sanyi sai an gyara, inda take zaune kuwa mai gidan ko kyanwa bai yarda da ita ba. Ta ce za ta san yadda za ta yi.

Hajiya ta waiwaya ta dubi banɗakin, gashi baƙi da fari a ko'ina, yawu da amai har bakin ƙofa.

"Wurin nan sai an yi masa wanki bakwai, ɗaya da ƙasa," ta ce. "Ni kuwa bayana ya ƙage, yau ba zan iya ba. Tunda ya riga ya ɓaci, ki dawo da shi ya kwanta a ciki." Ta kau da ido zuwa bango. "Kuma ni ba zan yi gadin kare ba. Mai abu ita ke kwana da abinta."

Raudatu ta dube ta.

"To, Ummi."

Hajiya ta tsaya har ƙarar motar gona ta fita daga layin. Fatna na bakin ƙofarta da bokiti a hannu, baki cike da tambaya. Hajiya ta yi mata godiya ta ce sai anjima. Ta wuce ɗakin Raudatu ta kunna mukayyif tun yanzu, don ɗakin ya daɗe a rufe.