Tsokar da Ta Ƙi Yin Shiru

Wata uku ke nan almakashi yana suɓuce wa Auta. Babban yatsanta na dama ya yi sanyi ƙalau, tudun naman gindinsa ya lotsa. Yayanta, mai shagon ɗinkin da take aiki, ya ce lalaci ne tsagwaronsa, in ba ta koma kan keke ranar Litinin ba, wata zai ɗauka.

Shi ya sa da suka je asibiti ta kafe sai ya shiga ɗakin gwaji tare da ita.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, daga gado sai na'ura mai allo da wayoyi. Likita ta taɓa hannun, ta ce ya yi sanyi, ta sa ta tsoma shi a ruwan ɗumi.

"Oh, har da wanka," in ji Yaya.

Auta ko kallo bai ishe ta ba.

Likita ta soka wata siririyar allura a gindin yatsan. "Wannan tana sauraren wutar da ke cikin tsoka ne. Saki hannun gaba ɗaya, kada ki motsa."

Ta saki. Na'urar ta kama ƙas-ƙas-ƙas, kamar yayyafi a kan kwano.

"Motsi take yi, Likita. Ni na san halinta," in ji Yaya.

"To zo ka riƙe da kanka," in ji Auta. "Zo mana!"

Ya matso ya danne yatsun. Hannun na kwance lakwas a tafinsa, ƙarar kuwa ba ta fasa ba.

"Tsoka mai lafiya in an sake ta, shiru take yi," in ji Likita. "Wannan jijiyarta ce ta matse a wuyan hannu, kuma ta daɗe. Ba wanda zai iya yin wannan ƙarar da gangan. Sai an yi aikin tiyata, sannan sati shida ba ɗinki."

"Sati shida! Kayan mutane fa?"

"Kana da hannu biyu, Yaya, duk lafiyayyu. Ko a soka maka mu ji?"

Ya yi wuf ya tura hannuwansa aljihu.

"Kuma wallahi duk wadda na dawo na tarar a kan kekena, a cinyarta zan zauna," in ji Auta.

Yaya ya dubi allon.

"Wa ya ce za a ba wata?" ya ce a hankali.