Ranar da Hedimasta Ya Share Kurmi

Shekara talatin da biyar Hedimasta ya yi yana karɓar sufetocin makarantu, kuma ko sau ɗaya ba su taɓa tsintar guntun takarda a harabarsa ba. Ya yi ritaya, amma sunan ya ƙi yin ritaya. Mutum ne da in ya shigo ɗakinka sai ya miƙe kalandar da ta karkace a bango kafin ya amsa gaisuwarka.

Abin da ya hana shi sakat a wannan shekarar shi ne kurmin mahaifinsu. Kadada goma sha biyu ne a bayan gari, cike da manyan itatuwan da tsohon ya yi shekara hamsin yana kare su daga gatari. Da ya rasu ya bar wa 'ya'yansa uku: Hedimasta, da ƙanwarsa mai shagon ɗinki, da autansu direba. Sun yarda ba za a raba shi ba, kuma duk abin da biyu suka amince da shi, shi za a yi. A lokacin Hedimasta ne ma ya rubuta yarjejeniyar da kyakkyawan rubutunsa, bai san wuyan kansa yake ɗaura wa igiya ba.

Sai injin motar Auta ya mutu murus. Sai kuma wani mai injin yanka katako ya fara zarya, yau ya gai da Auta, gobe ya kai wa mai ɗinki yadi wai a yi masa riga.

"Yaya, ni fa na gaji," in ji Auta ranar da suka zauna a falon Hedimasta. "Shinge ya faɗi, ɓarayin itace suna shiga suna fita kamar gidan ubansu. In ba mu sayar ba, su za su cinye shi a banza."

Hedimasta ya dubi ƙanwarsa. Ita kuma ta dubi farcenta.

A nan ne ya fito da zancen tallafin. Hukumar kula da gandun daji tana bai wa masu kurmi kuɗi duk shekara har shekara goma, su gyara shinge, su ɗauki mai gadi, muddin ba za su sare shi ba. Ƙanwar ta ce to, a gwada. In tallafi ya fito, kurmi ya zauna. In bai fito ba, ita tana bayan Auta, kuma kada Yaya ya ga laifinta.

Sau bakwai Hedimasta ya je ofishin nan. Ya san bencin da ƙafarsa ɗaya ta gaza, ya san tagar da ake rufewa da zarar an kusa zuwa kanka. Mutumin da malamai ashirin ke miƙewa in ya shigo, yau shi ne riƙe da fayil a ƙirji yana cewa "don Allah" ga wanda bai kai ɗansa ba. Abin ya yi masa ciwo, amma ya haɗiye. A zuwa na bakwai akawu ya cike masa fom a kwamfuta, ya miƙo masa takarda mai layi biyu: za a zo duba kurmi ranar ashirin ga wata.

"Me za su duba?" Hedimasta ya tambaya.

"Komai, Baba," in ji akawun, idonsa na kan mai bi masa a layi.

To, ku da kanku kun san abin da kalmar "dubawa" take yi wa tsohon hedimasta. Washegari ya shiga kurmin da idon sufeto, sai kunya ta rufe shi. Ganye ya taru har idon sawu. Ga ruɓaɓɓun rassa a zube, ga kututture duk gara, ga ƙananan tsirrai sun cunkushe ko'ina babu layi babu tsari. Yana son wurin nan har cikin ransa, amma tsakani da Allah, mahaifinsu bai iya tsafta ba.

Ya ɗauko 'yan ƙwadago shida da adduna da manjagara da baro. Ƙanwarsa ta leƙo a rana ta uku, ta tsaya tana kallon hayaƙin tarin da ake ƙonawa.

"Yaya, Baba fa bai taɓa share wurin nan ba."

"Baba bai taɓa karɓar sufeto ba," ya ce da ita. "Ki bar wa masu abin abinsu."

Kwana goma suka yi ba ji ba gani. Aka sassabe ƙasa tas, aka kwashe matattun itatuwa, aka fitar da hanya tun daga ƙofa har tsakiyar kurmi, aka jera mata duwatsu hagu da dama. Hedimasta da hannunsa ya dama farar ƙasa ya shafa wa gindin kowace bishiyar da ke bakin hanya, daidai ƙugu, har da gwada tsayin da sanda don kada wata ta fi wata. Bayansa ya riƙe, tafin hannunsa ya yi kanta, amma ranar sha tara ga wata da ya tsaya ya duba, sai da ya yi murmushi. Kana iya shimfiɗa tabarma ko'ina ka kwanta.

Jami'ar da aka turo matashiya ce, sanye da takalmin roba mai tsawo, ga jaka a baya. Da ta iso ƙofar kurmin sai ta tsaya cak. Hedimasta ya gyara wuyan rigarsa, don ya san irin wannan tsayuwar. Haka sufetoci ke yi kafin su fara yabo.

"Baba, yaushe aka yi wannan aikin?"

"Jiya muka gama, 'yata. Ai ba a karɓar baƙo da datti."

Ta fito da turaku huɗu da igiyar awo, ta kafa su a ƙasa, taku goma kowane gefe. Sannan ta durƙusa tana bin wurin da yatsa. Ta ɗago wani ɗan kara mai kaurin fensir, an datse shi daidai ƙasa, ruwansa bai gama bushewa ba.

"Wannan ɗan waccan babbar bishiyar ne," ta ce a hankali. "Shekararsa biyu. Baba, tallafin nan na kurmin da yake haihuwa da kansa ne. Abin da aka aiko ni in ƙirga ke nan, 'ya'yan itatuwan da suka tsiro a ƙasa, da ruɓaɓɓen iccen da ke ciyar da su. Ana son a samu aƙalla arba'in a cikin kowane awo."

"Nawa kika samu?"

"Biyu."

Ta cire turakun ta kafa a wani wuri, ta samu uku. Ta sake gaba, babu ko ɗaya. Hedimasta yana biye da ita kamar ɗalibin da aka kama. Wuri takwas ta auna, har da lungun da ba ya cikin tsarinta, don dai ta taimake shi. Amma 'yan ƙwadagon nan sun yi aiki da gaskiya, don Hedimasta da kansa ya tsaya a kansu.

"'Yata, suna nan fa," ya ce. "Dubbai ne. Na gan su da idona. Ki ƙirga guntayen, ai ga su nan."

"Na yarda, Baba. Wallahi na yarda. Amma hoto nake ɗauka, wasu ne za su duba a can. Ba zan iya rubuta abin da babu ba." Ta naɗe igiyarta, ta kasa haɗa ido da shi. "Kurmin lafiyarsa ƙalau. In aka ƙyale shi damina uku, kada a taɓa komai, zai mayar da abinsa. Sai ku sake nema."

Damina uku. Shi da ko wata uku ba shi da su. Ya so ya yi fushi, ya rasa da wa zai yi. Akawu bai yi masa ƙarya ba, yarinyar nan ba ta cuce shi ba, ƙanwarsa ma ta faɗa masa. Ya zauna a kan ɗaya daga cikin duwatsun da ya jera, farar ƙasa ta ɓata masa wando bai ma kula ba.

Takardar ƙin amincewa ta iso bayan mako biyu. Ya je shagon ƙanwarsa ya roƙe ta, shi da bai taɓa roƙon na ƙasa da shi ba. Ta tsayar da keken ɗinkin ta yi kuka, ta ce ta riga ta yi wa Auta alkawari, kuma Yaya ne ya koya musu cika alkawari.

Ran Asabar mai katako ya zo ganin kaya tare da Auta. Hedimasta ya bi su, don ya kasa zama a gida. Mutumin ya shiga da motarsa har tsakiyar kurmi ba tare da ko reshe ya taɓa gilashi ba. Ya fito yana jujjuyawa, yana tafa gindin itatuwa, bakinsa har kunne.

"Kai! Shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa shiga kurmi mai tsafta irin wannan ba. Da mako uku na ware wa yarana su buɗe hanya kawai. Yanzu ai jibi sai mu kawo injuna. Wane ne ya yi wannan aiki?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Yayanmu ne."

Mai katako ya kama hannun Hedimasta da hannu biyu yana girgizawa. "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. Aikinka ya yi kyau."

Hedimasta ya dubi hanyar da ya fitar. Ya ce, "Na gode."