Ranar da Pak Derus Bai Ce Mu Tattara Ba

"Kai, wa ya zubo min ruwa a takalmi?" in ji Kak Senah.

Muka yi dariya. Sai na sunkuya, na ga ruwa yana lasar ƙafar kujerata.

Mu biyar ne a ƙungiyarmu ta zane. Duk Asabar ɗin da ruwan teku ya janye da safe, mukan taka daga ƙauyenmu zuwa wani tudun yashi, tafiyar minti ashirin, mu kafa alluna muna zana dajin bakau, itatuwan nan da suke tsaye cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje. Malama Siew Lan, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ita ta haɗa mu. Akwai Kak Senah mai sayar da soyayyar ayaba, da Muthu tsohon mai raba wasiƙu, da ni Zaiton, da maƙwabcina Pak Derus.

Shekara arba'in Pak Derus ya yi yana sarar bakau ana ƙona gawayi. Bayan rasuwar matarsa ne na ja shi zuwa ƙungiyar, don na gaji da ganinsa zaune a matakalar gidansa yana kallon kaji. Bai taɓa yarda ya riƙe buroshi ba. Da guntun gawayi yake zane, yana cewa, "Na san su tun suna tsaye har suka zama baƙi, ba sai an koya min launinsu ba." Kuma shi ne agogonmu, shi ya san lokacin da ruwan teku zai dawo. Da ya ɗaga kai ya shaƙi iska, sai ya ce, "To, masu fasaha, a tattara," mu kuwa mu bi bayansa. Hanyar siririya ce, dama da hagu taɓo ne mai haɗiye mutum har ƙugu.

Ranar bai ce komai ba, mu kuma kowa ya nutse cikin zanensa.

"Pak Derus, barci ka zo yi ko zane? Ruwa fa!" in ji Muthu.

Yana zaune a kujerarsa, ya ba mu baya, kansa ya karkata. Na zagaya gabansa. Bakinsa ya karkace gefe guda, yawu yana zuba a rigarsa, hannun dama ya saki. Amma idonsa a buɗe, yana kallon ruwan. Ya daɗe yana ganin tahowarsa, ya kasa faɗa mana.

"Innalillahi!" Kak Senah ta dafe ƙirji.

Malama ta ɗaga wayarta sama tana juyawa. Babu sabis, dama can ba a samu a wurin. Muka waiwaya wajen hanya. Ba hanya, sai ruwan ƙasa-ƙasa shimfiɗe har bakin ƙauye.

Muka gwada ɗaukarsa. Mutum ne mai jiki, taku goma kacal muka yi ƙafar Kak Senah ta zarme cikin taɓo, da ƙyar muka zaro ta.

"Ba za mu iya ba," in ji Malama. "Muthu, kai za ka je ka zo da jirgin ruwa."

"Ni? Ban ga hanyar ba, Malama."

"Shekara talatin kana nemo gidajen da ba su da lamba. Tafi!"

Pak Derus ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya nuna hasumiyar masallacinmu. Ya yi wata magana da ba ta fita ba, na kai kunne bakinsa.

"Ya ce ka sa hasumiya a gabanka," na ce wa Muthu. "Kar ka kauce."

Muthu ya cire takalmansa, ya shiga ruwan yana lalube da ƙafa, leɓɓansa suna motsi. Muna kallonsa yana ƙanƙancewa.

Ruwa ya kai mana gwiwa. Ban iya iyo ba. A bakin teku aka haife ni, amma ban iya ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba sai ranar. Kwalaben fentinmu suka fara yawo, takardunmu suka bi su. Pak Derus ya sake nuni, wannan karon zuwa wata babbar bishiyar bakau a ƙarshen tudun. Muka ja shi, biyu a hammata, ɗaya a ƙafa, muna faɗuwa muna tashi, har muka ɗora shi a kan saiwoyin. Ɓawon kodin da ya manne musu ya yanyanka mana hannu, ba wadda ta lura.

Malama ta hau sama ta rungume kansa a cinyarta. Ni da Kak Senah muka tsaya cikin ruwa muna tare shi kada ya zame.

"Zaiton," Kak Senah ta raɗa mini, "mene ne wancan?"

Wani abu dogo, baƙi, yana tahowa a hankali a kan ruwa. Watan da ya wuce masunta sun ce sun ga kada a bakin kogin ƙauyenmu. Na ji fitsari ya kufce mini, ɗuminsa ya bi ƙafata. Kak Senah ta fara Ayatul Kursiyyu, ta kai tsakiya ta rikice, ta koma farko. Abin ya matso, ya matso, ya bugi saiwa ya juya. Guntun katakon jirgi ne.

Sai na ji jikin Pak Derus yana girgiza. Na zaci ajali ne. Ashe dariya yake yi da rabin bakinsa.

"Tsohon nan, ka raina mu ko?" in ji Kak Senah, tana kuka. "Bari mu je gida, ko ɓawon ayaba ba za ka sake samu a wurina ba."

Ruwan ya kai mini ƙirji. Duk igiyar ruwan da ta zo sai ta ɗaga ni, yatsun ƙafata su rabu da ƙasa. Ba ma ganin Muthu, ba mu san ko ya isa ba ko taɓo ya riƙe shi. Na tuna ni na kawo Pak Derus wannan ƙungiya. Na tuna jikata da na ce wa zan dawo kafin azahar.

Numfashinsa ya sauya, ya koma ja da tsayawa.

"Zaiton," in ji Malama, "akwai abin da kuke faɗa wa mutum a irin wannan lokaci. Ni ba Musulma ba ce, ban iya ba. Hawo ki faɗa masa."

"In na saki zai zame."

"Na riƙe shi. Hawo."

Na taka saiwa na kai bakina kunnensa, na yi ta maimaita kalmar shahada. Leɓensa ya motsa sau biyu. Ban ji sauti ba, amma Malama ta ce ta ji.

Muna cikin haka ƙarar inji ta taso daga bakin kogi. Muthu ne a gaban jirgin wani masunci, taɓo har wuyansa, yana ihu yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Maza uku suka ciccibi Pak Derus, sannan suka jawo mu kamar buhuna.

Kafin mu kai gadar katakon da jirage ke tsayawa a ƙauyenmu, ya cika. Masuncin ya rage gudu, ya cire hularsa.

Bayan la'asar aka yi jana'izarsa, da isowar 'yarsa daga birnin Ipoh. Malama da Muthu, da yake ba Musulmai ba ne, suka tsaya a bakin maƙabarta har aka gama, hannuwan Malama naɗe da bandeji. Kwana uku ina jin ƙasa tana lilo a ƙarƙashina, ko randar wanka na buɗe sai gabana ya faɗi.

A rana ta huɗu 'yar ta kulle gidan ta koma bakin aikinta. Washegari da safe na fito shanya, na leƙa ta kan shinge. Rigarsa ta zuwa masallaci tana nan a kan igiya a bayan gidan, inda ya shanya ta. Ruwan sama ya jiƙa ta, rana ta busar, ba wanda ya gani. Na tsallaka na cire ta. Na tsaya a tsakar gidan riƙe da ita, da ɗumin hantsi a jikinta, kajinsa suka taho suka kewaye ni suna jiran tsaba.