Ƙusar Buta

Jatau ya miƙa hannu gindin turmi, inda butarsa ke zama shekara talatin, bai same ta ba. Tana rataye a ƙusa jikin bango, cike da ruwa, daidai kafaɗarsa.

Matarsa Rekiya ta ce awaki ne ke kifar da ita. Rabon gidan da akuya tun Sallar bara.

Wata biyu ke nan da dawowarsa daga Zariya, inda aka yi masa gashin sankarar maƙogwaro. Wuya ya sandare, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Likita ya ba shi takarda mai zane: ya riƙa ɗaga gorar ruwa sau goma, safe da yamma, yana juya kai dama da hagu, in ba haka ba wuyan zai ƙage ke nan. Jatau ya ce shi da ya ci ƙuruciyarsa yana loda buhunan gyaɗa a tashar jirgin Ƙauran Namoda, ba zai zauna yana jijjiga gora kamar mai reno ba. Takardar, wuta aka hura da ita.

Abu ɗaya ke cin sa. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a masallaci ke cika, sahu a matse. In liman ya yi sallama, sai Jatau ya juyo da jikinsa duka, ya bangaji na kusa. Abokinsa Wakili ya ce yana shan kwana kamar tirela. Har ya fara tunanin barin jam'i.

Ya sauko da butar yana nishi. Haka sau biyar a rana. Bayan mako, ƙusar ta ƙara hawa sama taƙi guda. Rekiya kuma ta daina yi masa magana ta gaba, sai ta tsaya bayan kafaɗarsa ta rage murya.

"Ke, zagayo in gan ki."

"Ƙafata ke ciwo, Malam. Waiwayo mana, ai kai ne, ba buhu ba."

Yakan waiwaya, yana faɗa.

Wata Juma'a, da damina ta kusa, liman ya yi sallama. Jatau ya ga kunnen Wakili, alhali gwiwoyinsa ba su motsa ba.

Ya dawo gida. Ya ɗauki dutse, ya zare ƙusar, ya miƙa hannu iya ƙarfinsa ya kafa ta can sama.

"Awakin nan naki," in ji shi, "sun ƙara tsawo."