Rabon Ƙato a Kwalbar Auta

Tsohon mai fenti ne. Ya ajiye burushi ranar da ya ji tsani ya fara rawa a ƙarƙashinsa. A gidansa doka ɗaya ce, kuma shi ya kafa ta: duk abin da ya shigo, a raba wa yara daidai. Lemo guda sai an ɓare an raba. Ko alewa ce sai ya sa mata wuƙa. Jikoki biyu ne a gabansa, 'ya'yan 'yarsa: Ƙato mai bakin tsiya, da ƙanwarsa Auta.

Sai kunnen Auta ya kama ciwo, ga zazzaɓi. Likita ya duba ya rubuta magani. Uwar yaran tana fita aiki da sassafe, don haka ta ja mahaifinta zuwa kemis ya ji bayani da kunnensa, tunda shi zai riƙa ba da na safe.

Mai kemis ɗin mace ce. Ta ɗauko kwalba da farin gari a ciki.

"Baba, magani biyu aka haɗa a nan. Ɗaya yana kashe ƙwayoyin cutar, ɗayan yana tare masa faɗa kada su karya shi. Ta taɓa shan irinsa jikinta ya yi ƙuraje?"

Uwar ta ce a'a. Mai kemis ta zuba tafasasshen ruwan da ya huce, daidai layin da ke jikin kwalbar, ta girgiza.

"Kullum a girgiza kafin a ba ta. Yana kwanciya a ƙasa."

"Yarinya, ni za ki koya wa motsa abin da ya kwanta? Tun ba a haife ki ba nake dama fenti."

"To Baba, ban da sa sanda dai."

Ta ba shi sirinji marar allura, ta nuna masa inda zai ja ya tsaya. Ta ce a ajiye a firji, a ba ta lokacin cin abinci, kuma ko ta miƙe tana tsalle sai an ƙarasa kwanakin da likita ya yanka, in ba haka ba ciwon zai dawo da ƙarfinsa.

Washegari Tsoho ya girgiza kwalba kamar mai shirin fentin gidan bene. Ya ɗaga sirinji wajen taga, ya auna, ya ɗura wa Auta a gefen kunci. Maganin yana da ƙamshi mai daɗi. Yana juyowa ya ga Ƙato a tsaye da baki buɗe.

"Kaka, nawa fa?"

"Kai lafiyarka ƙalau."

"Kai ka ce komai a raba. Ko dokar ta mutu ne?"

Tsoho ya tsaya. Bai taɓa faɗar magana ya janye ba, balle a gaban ɗan da bai kai ƙugunsa ba. Ya ja kaɗan ya ba shi. Ƙato ya lashe baki. Washegari ma haka, da ranar da ta biyo.

Auta ta fara wasa, kunne ya lafa. Amma wata safiya Tsoho ya ɗaga kwalbar, idon mai fenti ya gaya masa gaskiya: abin da ya rage ba zai kai ƙarshen kwanakin ba. Ya duba hagu da dama, ya ɗauko butar shayi. In fenti ya gaza, ai an san abin da ake yi masa.

"Malam, me za ka yi da wannan butar?"

Matarsa Inna ce a ƙofar kicin, da tsintsiya a hannu.

"Ɗan ƙari ne."

"Ƙari! Kunnen jikarka ne ko bangon gareji?"

Sai ga Ƙato ya leƙo. "Kaka, yau ka cika mini nawa, jiya kaɗan ka ba ni."

Tsohuwa ta ajiye tsintsiya a hankali. Ta dubi yaron, ta dubi mijinta. Ta ɗauko masa hularsa ta miƙa.

Ya ba Auta nata cikakke, ya kama hannun Ƙato, suka nufi kemis. Hanyar ba nisa, amma ranar ta yi masa tsawo. Ya jira mutane suka ragu, sannan ya dangwara kwalbar a kan teburin mai kemis.

"Ta gaza."

Mai kemis ta duba. "Zubewa ya yi?"

"A cikin wannan ya zube," in ji Tsoho, yana nuna Ƙato.

Ta danne dariya da ƙyar. Ta tambaya ko yaron ya yi gudawa, ko ƙaiƙayi, ko kumburin fuska. Babu. Ta ce Allah ya rufa asiri, don akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar irinsa, kuma mai lafiya ba abin da zai samu sai ɓacin ciki.

"Kun ƙara ruwa?"

"Ban ƙara ba."

"Saura kaɗan," in ji Ƙato. "Inna ce ta kama shi."

Mai kemis ta kira likitan a waya, ta haɗa ƙaramar kwalba da za ta cike kwanakin Auta. Ta ce abin da ya saura bayan nan a zubar, kada a adana wa kowa.

Da yamma, bayan uwar yaran ta dawo ta ji labari ta gama salati, Tsoho ya tara gidan a falo. Ya gyara murya.

"Doka tana nan. Ba ta mutu ba. Lemo a raba, alewa a raba. Magani na mai ciwo ne shi kaɗai. Na gama."

Ƙato ya yi ɗan tunani. Can sai ya dafe kunne ya langaɓe kai.

"Wayyo Kaka, ni ma ya fara."

"Madalla. Ɗauko takalminka mu je wurin likita. Manya irinka wataƙila allura zai yi."

Ƙato ya sauke hannu. "Ya daina."

Auta ta hau cinyar kakanta ta buɗe baki. Ya girgiza kwalba, ya auna, ya ɗura mata. Ita kuwa ta haɗiye a hankali, idonta a kan yayanta.