Yawun Umara Mai Ƙaya

Daga Birniwa har Kafin Hausa, tambayi kowa wa ke cire ƙayar kifi a maƙogwaro, za a ce maka Umara. Ni ne. Tofi nake yi a ƙwaryar ruwa, mutum ya sha, ƙaya ta wuce. Gado ne daga kakana, kuma ban taɓa jin kunya ba.

Sai ga ciwo ya zo wa mai gyaran maƙogwaro ta maƙogwaro. Wuya ya kumbura, hanci na jini, kunne ɗaya ya toshe. Likita a Kano ya ce ciwon daji ne a can bayan hanci, ya yi nisa, sai an haɗa masa biyu: ɗura magani ta jijiya da gasa wurin da na'ura. Ƙarti na gani suna gudu tun a makon farko. Ni kuwa aka ɗaure mini fuska a raga, aka gasa, aka ɗura, na yi amai na tashi. Daji ya ga ba wurin zama.

Badamasi ne ya yi jinyata, aminina da muka yi kamun kifi tare a fadamun Kirikasamma tun ba mu da gemu. Da na ga kamar ba zan kai ba, na raɗa masa laƙanin tofin don kada ya bi ni kabari. Ya rantse ba zai taɓa shi ba muddin ina numfashi.

Na dawo da raina, amma gashin na'urar ya ƙafar da yawuna ƙaf. Badamasi kaɗai ya sani. In za a yi tofi sai in guntsi ruwan buta a ɓoye, aiki kuma yana ci.

Ranar kasuwa Maijidda mai suyar kifi ta jawo mijinta Fatihu, ƙayar karfasa ta tokare shi, idanu duk waje. Mutane suka taru. Na miƙa hannu ga buta, sai Badamasi ya dafe ta.

"Malam Umara, a ji tsoron Allah. Ruwan buta za ka tofa wa bawan Allah? Bakin nan ya bushe tun Kano."

"Kai da na san ka ba wando, yau ni kake wa wa'azi?"

"To tofa mu gani, mutumina."

Na karanta abin karantawa, na tattaro baki. Iska ce kawai ta fita. Na sake. Maijidda ta ce in yi haƙuri, Baba, mijinta na wahala. Ta zare ƙwaryar daga hannuna ta miƙa wa Badamasi, shi kuwa ko dubana bai yi ba, ya tofa a ciki.

An ce ƙayar ta wuce. Dole ta wuce, ai kalmomin kakana ne.

Yanzu ta ƙofata ake bi da masu ƙaya zuwa gidansa. Wasu su gaishe ni, wasu su sunkuyar da kai. Nakan amsa da ƙarfi, don ya jiyo daga zaurensa cewa ina nan ina numfashi.